Ɗakin matuƙi a jirgin masunta: a gina shi daidai da jirgin da zai ɗauke shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani aiki da masunta suke kawo mana, mu masu sana'ar haɗa jiragen katako a bakin Tafkin Kainji, wato a gina musu ɗan ɗaki a cikin jirgin kamun kifi inda matuƙi zai zauna ya riƙe akalar inji ba tare da rana da ruwan sama da sanyi sun ci ƙarfinsa ba. Ina goyon bayan wannan buri, kuma ina ganin masunci ya cancanci inuwa a wurin aikinsa kamar kowane mai nema. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake gina ɗakin, domin ɗakin da ya dace da wani jirgi yana iya zama sanadin kifewar wani, kuma yawancin masu ba da aikin da masu karɓarsa ba su taɓa auna nauyin abin da suke ɗorawa ba.

Wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba yana iya ɗauka cewa wannan ɗaki ƙawa ce ko gasa tsakanin masu hali. Ba haka lamarin yake ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a shekarar 1968, kogin da kakanninmu suke ƙetarewa da filafili ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136, wanda faɗinsa yake kai kilomita 24 a tsakiya, wajen tsibirin Foge. Masuncin da ya tashi daga Yauri ko Zamare ko Wara ko Malale da inji mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40 yana yin nisan da mai filafili ba ya tunanin yi, yana fita kafin asuba ya duba tarunsa ko ya ɗaga mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, kuma a lokacin hunturu sanyin da yake bugun ƙirjinsa a kan buɗaɗɗen ruwa ya sha bamban da wanda mutanen gari suka sani. Da rana kuma hasken da yake tashi daga fuskar ruwa yana cin ido sannu a hankali. Ga wayar hannu da batir da fitila da takardun shaida, waɗanda duk suna bukatar busasshen wuri. Saboda haka ba na cikin masu cewa a bar jirgi kamar yadda aka gada.

Sai dai mai jirgi yakan tafi wurin wanda ya fi kusa da shi ko wanda ya fi sauƙin farashi, wato kafintan rufin gida ko mai waldar ƙofa da taga, kuma waɗannan bayin Allah sun ƙware a sana'arsu, amma abin da suka saba ginawa yana zaune ne a kan ƙasa, inda ƙarin nauyi yake nufin ƙarin ƙwari. A kan ruwa lissafin ya juya. Bari in kawo misali da jirgi mai tsawon mita 9 da faɗin kusan mita 2, a ce za a yi masa ɗaki mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita 1.2, tsayin mita 1.4, bayansa a buɗe. Bango biyu da gaba da rufi za su ci abin da ya kai murabba'in mita 8. Idan aka yi su da fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da rabi, kowane murabba'in mita yana da nauyin kusan kilo 12, wato kusan kilo 100 ke nan tun kafin a lissafa ƙarafan firam. Idan aka yi su da katakon maɗaci mai kaurin inci ɗaya, irin wanda ake yin jikin jirgi da shi, nauyin zai kai kilo 140 ko fiye. Amma filawud mai kaurin milimita 9, ko fallen alminiyom mai kaurin milimita 2, ba ya wuce kilo 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita, don haka ɗakin gaba ɗaya, har da firam da fenti, yana iya tsayawa a kilo 65 zuwa 70. Girma ɗaya, siffa ɗaya, amma ɗayan ya ninka ɗayan nauyi.

Mai jirgi zai ce jirginsa yana ɗaukar buhu goma na kifi ba tare da ya nuna gajiya ba, to mene ne kilo 140? Amsar tana ga wurin da nauyin ya zauna. Kifi da taru da jarkar mai suna kwance ne a cikin jirgi, ƙasa da bakinsa, kuma nauyin da yake ƙasa yana taimaka wa jirgi ya miƙe idan taguwar ruwa ta karkatar da shi. Ɗaki kuwa yana tsaye ne sama da bakin jirgi, kuma yana jan cibiyar nauyin jirgin, wato tsakiyar da nauyinsa duka ya daidaita a kai, zuwa sama. A misalin da na kawo, idan jirgin da injinsa da mutanensa da kayan aikinsu sun kai kilo 1,000, aka ɗora ɗaki mai kilo 140 wanda tsakiyar nauyinsa take mita ɗaya sama da ta jirgin, cibiyar nauyi za ta ɗaga da kimanin santimita 12. Da ɗaki mai kilo 65 za ta ɗaga da santimita 6 kawai. Wannan tazara ba ta kai tsawon yatsa ba, amma a jirgi siriri ita ce take raba wanda zai karkata ya dawo da wanda zai karkata har ya ɗebi ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin motar kasuwa da aka lafta wa kaya a kan rufi tana shan kwana ya san yadda take rinjaya, kuma jirgi ba shi da tayar da za ta riƙe shi.

Akwai abin da ya fi ba ni tsoro a wannan magana, domin yana yaudarar har tsofaffin matuƙa. Jirgin da cibiyar nauyinsa take ƙasa yana tangaɗi da sauri, yana karkata ya dawo nan take, har mai zama a ciki ya ji ana jijjiga shi. Da zarar an ɗora masa nauyi a sama sai tangaɗin ya yi sanyi, ya riƙa karkata a hankali yana dawowa a hankali, sai mai jirgi ya yi murna ya ce ɗakin ya sa jirginsa ya natsu. Wannan natsuwa alama ce ta cewa ƙarfin da jirgin yake da shi na miƙewa ya ragu. Idan jirgi ya kai ga yana ɗan dakatawa a ƙarshen karkatarsa kafin ya dawo, to saura kaɗan wata rana ya ƙi dawowa. Ina roƙon kowane Sarkin Ruwa da ya karanta wannan wasiƙa ko aka karanta masa ya isar da wannan batu guda ga jama'arsa, ko da bai isar da sauran ba.

Abin farin ciki shi ne ana iya gwada wannan a kwata, wato inda jirage suke tsayawa a bakin ruwa, a ruwan da bai wuce ƙirji ba, da agogon waya kawai. A saki igiyar jirgin ta yi sako-sako, a tabbatar gindinsa bai taɓa ƙasa ba, mutum ya danna bakin jirgin ya saki har ya fara tangaɗi sosai, sannan a ƙyale shi a ƙirga sakan nawa yake ɗauka ya tashi daga dama ya je hagu ya komo dama. A ƙirga zagaye uku a raba, a maimaita don a tabbatar. A yi haka kafin a gina ɗaki, a sake yi bayan an gina. Masu zanen ƙananan jirage suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa yawan sakan ɗin zagaye ɗaya bai kamata ya zarce faɗin jirgin a mita da wani abin kirki ba, wato jirgi mai faɗin mita 2 ya kammala zagayensa a cikin kimanin sakan 2. Kuma lissafin ba ya tafiya kai tsaye: idan lokacin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin miƙewar ya ragu da abin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Gwaji na biyu shi ne mutanen da suke aiki a jirgin su koma gefe ɗaya, kamar yadda suke yi idan suna jawo taru, a duba tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa. Waɗannan gwaje-gwaje ba ƙirƙirata ba ce. Suna cikin shawarwarin kariya na ƙananan jiragen kamun kifi, waɗanda tsawonsu bai kai mita 12 ba, da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a shekarar 2012 tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya.

Ni a ganina bai ma kamata a jira a gama gini kafin a yi gwaji ba. Kafin a yanka katako ko ɗaya, a ɗaura siffar ɗakin da gwangwala da kwali a cikin jirgin, matuƙi ya zauna ya ga ko yana hangen gabansa, ko gwiwarsa tana da wuri, ko hannunsa yana kaiwa ga inji. Sannan a cika buhuna da yashi daidai nauyin da aka lissafa, a ɗora su a kan wani benci mai ƙwari a tsayin da tsakiyar ɗakin zai kasance, a ɗaure su sosai, a yi gwajin tangaɗi da na komawa gefe ɗaya. Idan jirgin ya nuna ba zai iya ba, asarar da aka yi ta kwali ce da wuni guda. Kuma akwai jiragen da amsarsu a fili take tun kafin gwaji. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, da siririn jirgin katako wanda faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ban yarda a kafa musu ɗaki ba ko da na kwali ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Irin waɗannan abin da ya dace da su shi ne gajeriyar rumfar tamfol a kan siraran sanduna, wadda mutum ɗaya zai iya naɗewa cikin ƙiftawar ido idan ya ga gabas ta yi baƙi.

Maganar gabas ta kawo ni kan iska, wadda ita ce abokiyar gaba ta biyu bayan nauyi. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta yakan taso daga gabas da guguwa a gabansa, kuma a tsakiyar tafki babu tudu ko itacen da zai tare ta. Buɗaɗɗen jirgi yana kwance kusa da ruwa, iska tana wucewa ta samansa. Ɗaki kuwa bango ne da aka miƙa mata. Iskar da take gudun kilomita 70 a awa tana tura kowane murabba'in mita na miƙaƙƙen bango da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 25 zuwa 30, kuma idan gudunta ya ninka, ƙarfin turinta yana ninkawa sau huɗu. Ɗakin misalinmu yana ba iska gefe mai faɗin murabba'in mita 2 da ɗan kai, wato turin da ya kai nauyin buhun siminti ko fiye, a sama da bakin jirgi, a daidai lokacin da taguwa take dukan gefen nan. Idan aka ɗaga ɗakin ya kai yadda mutum zai miƙe tsaye a ciki, aka kuma tsawaita shi don abokan aiki su fake, bangon zai ninka, kuma turin zai koma sama inda ya fi ƙarfin karkatarwa. Dalilin da ya sa nake dagewa a kan ɗakin zama ke nan a ƙaramin jirgi. A saukar da daɓensa ƙasa gwargwadon iko, a yi rufin ya wuce kan mai zama da kamar tafin hannu biyu, a yi tagogin gefe masu zugewa domin a buɗe su iska ta ratsa idan ta yi ƙarfi.

Rufin kansa yana da tasa fitinar, kuma fitinar halin ɗan Adam ce. Duk shimfiɗaɗɗen wuri a jirgi sai an ɗora masa kaya. Yau jarkar fetur, gobe jiƙaƙƙen taru, jibi yaro ya hau ya zauna yana hangen gari. Jarka mai lita 25 ta fetur ta kusa kilo 20, kuma guda huɗu a kan rufi suna ɗaga cibiyar nauyi kusan gwargwadon yadda ɗakin katako mai nauyi gaba ɗayansa yake ɗagawa, saboda sun fi shi tsayi. Don haka na fi son rufi mai ɗan doro, wanda ruwa yake gangarewa daga kansa kuma kaya ba sa zama, ba tare da an kewaye shi da ƙarfen tare kaya ba. Faifan sola ƙarami na cajin batir da sandar fitila sun isa. Idan mai jirgi ya nace sai an yi masa wurin kaya a sama, wajibi ne kafinta ya ƙi, ko da hakan zai sa aikin ya koma hannun wani.

Wurin da za a kafa ɗakin ya danganta da yadda jirgin yake aiki, kuma a nan ne ake gane cewa babu awo ɗaya da zai yi wa kowa. Injinanmu na rataye ne a gindin jirgi, ana sarrafa su da hannu, kuma mai ƙarfin doki 40 shi kaɗai ya haura kilo 70. Idan aka haɗa masa matuƙi da tankin mai da ɗaki duk a wuri ɗaya, gindin zai nutse, goshin ya ɗaga, taguwar da take biyo baya ta riƙa shigowa ta wajen inji, matuƙi kuma ya daina ganin abin da yake gabansa. A wannan tafki rashin ganin gaba ba ƙaramin abu ba ne, domin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka cika madatsar suna nan, suna fitowa ko su ɓuya gwargwadon hawa da saukar ruwa, ga tarukan mutane, ga ciyawa mai yawo, ga hazon hunturu. Idan kuma aka kai ɗakin can gaba, goshin zai riƙa nitsewa cikin taguwa, iska ta riƙa kama shi tana juya jirgin, sannan dole a sayi sitiyari da wayoyin da za su haɗa shi da inji. Ga yawancin jiragen taru, wuri mafi dacewa yana ɗan gaba da inji, a mayar da tankin mai da batir gaba domin su rama nauyin, a bar tsakiyar jirgi fili ga masu jawo taru. Dokar manyan jiragen teku ta tanadi cewa kada abin da yake ɓoye wa matuƙi na fuskar ruwa a gabansa ya wuce tsawon jirgin sau biyu, kuma wannan awo ne mai kyau da za mu ara, amma a gwada shi jirgi yana gudu da lodinsa, lokacin da goshin ya ɗaga. A bar hanyar wucewa aƙalla ta gefe ɗaya, a kuma goge kusurwoyi a ɓoye kawunan noti, domin taru yana kama duk abin da ya yi tsini.

Game da tagogi, gilashin taga irin na gida ba shi da wuri a jirgi. Mai kaurin milimita 6 yana da nauyin kilo 15 a kowane murabba'in mita, kuma idan ya fashe yana zama wuƙaƙe a wurin da mutane suke tafiya ba takalmi. Robar nan mai haske kamar gilashi ba ta kai rabin nauyinsa ba, illarta kawai ita ce tana karcewa idan aka goge ta da busasshen tsumma mai ƙura, kuma sai an huda ramukan kusoshinta da ɗan faɗi domin tana buɗewa da zafi. Wanda ya fi son gilashi ya nemi irin na mota. Tagar gaba kuma a karkatar da samanta zuwa waje, kamar yadda ake gani a jiragen kamun kifi na ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ba ta karkata tsakanin digiri 10 zuwa 25. Hakan yana rage ƙyallin rana da na fitilar cikin ɗaki, yana rage ruwan da yake kwanciya a kanta, yana kuma hana ɗakin zama tanda da tsakar rana.

Ƙofa ita ce abin da na fi jayayya da masu jirgi a kansa, saboda suna son wadda za su sa wa kwaɗo su bar kayansu a ciki. Na fahimci damuwarsu, amma idan jirgi ya kife ruwa yana danne ƙofar da take buɗewa waje, katako yana kumbura, firam yana murɗewa, kuma wanda yake sanye da rigar kariya a cikin rufaffen ɗaki rigar tana manna shi a sama maimakon ta fitar da shi. A bar bayan ɗakin a buɗe, a rataya labulen tamfol, a yi akwati mai makulli a ƙarƙashin kujera domin kaya masu daraja. A kuma yi aƙalla taga ɗaya da babban mutum zai iya fita ta cikinta, wadda a ganina bai kamata ta gaza santimita 60 kowane gefe ba. Buɗaɗɗen baya yana da wani amfanin, ko da yake shi ma yana bukatar lura. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan duk wurin da aka rufe, kuma tartsatsin kan batir ko ashanar mai shan taba ya isa ya tayar da gobara, saboda haka tankin mai da batir ba sa zama a cikin ɗaki, ba sa kuma zama a akwati ɗaya. Hayaƙin inji kuma yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai take kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida, kuma idan jirgi yana tafiya a hankali iskar da take juyawa a bayan ɗaki tana iya jawo hayaƙin ciki. Maganinsa shi ne a bar kafar iska a gaba wadda ba a rufewa, domin iska ta riƙa shiga ta gaba tana fita ta baya.

Sauran aikin na hannu ne, kuma kowane kafintan jirgi ya san yawancinsa. Ginshiƙan ɗaki a kan haƙarƙarin jirgi ake ɗaure su da noti mai ratsawa, ba a jikin allunan gefe da ƙusa ba, domin jirgin katako yana motsi a kan taguwa kuma ƙusar da take aiki a cikin allo ita ce take buɗe kafar yoyo. Na fi son ɗakin da noti shida ko takwas suke riƙe da shi, wanda za a iya kwancewa a sauke idan za a ja jirgi tudu don toshe shi da sake kwalta, ko a watannin da hadari ya fi yawa. Filawud na kasuwa yawancinsa na kujera ne da silin, yana ɓarewa da zarar ya sha ruwa, don haka a yanki guntu a dafa shi a tukunya na wasu awanni kafin a saya da yawa. Wanda gam ɗinsa yake jure ruwa zai fito yadda yake. A toshe bakin kowane yanka da gam ko faiba kafin fenti, domin ta nan ruɓa take shiga, a kuma yi wa rufi farin fenti saboda zafi. Mai aiki da alminiyom kada ya haɗa shi da kusoshin tagulla ko jan ƙarfe, domin suna cinye shi a wurin da yake da danshi. Idan an shimfiɗa daɓe a ƙarƙashin ɗakin a bar allon da ake ɗagawa, saboda ruwan da ya taru a ɓoye yana gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata yana ƙara masa rinjaye, kuma abin da ido bai gani ba hannu ba ya kwashewa. Fitilu kuma suna da tsarinsu na duniya: ja a hagu, kore a dama, fari a sama.

Jama'ar wannan yanki ba su manta da abin da ya faru kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin fasinja ya nutse da mutane masu yawa, kuma hukumomi suka ce lodinsa ya wuce kima. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wancan jirgi ba na kamun kifi ba ne, kuma ba ɗakin matuƙi ne ya jawo musibar ba, amma tun daga lokacin duk maganar kariya da muke ji ta tsaya a kan yawan fasinja da rigar kariya da tafiyar dare. Waɗannan duk gaskiya ne, sai dai ban ji ana maganar abin da ake ƙara wa jikin jirgi bayan ya bar hannun wanda ya haɗa shi ba, alhali jirgin masunci ma yana ɗaukar iyali zuwa kasuwa da biki.

Muna da waɗanda za su iya taimakawa a kusa da mu. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa tana New Bussa, a bakin wannan tafki, haka ma Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kamun Kifi, kuma Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, wadda hedikwatarta take Lokoja, ita ce take da alhakin lafiyar jiragen da suke bin koguna da tafkunanmu. Ina roƙonsu su turo malamansu kwatar Yauri da ta Malale da ta Wara, su zo da sikeli da tef ɗin awo, su tara kafintocin jirgi da masu walda da Sarakunan Ruwa, a yi gwajin tangaɗi da na komawa gefe ɗaya a kan jiragenmu na gaske a gaban kowa. Ina kuma roƙon su auna ire-iren jiragen da aka fi haɗawa a nan, su fitar da takarda guda da Hausa, boko da ajami, wadda za ta nuna wa kafinta iyakar nauyi da tsayin ɗakin da jirgi mai kaza faɗi zai iya ɗauka, da faɗin da bai kamata a kafa masa ɗaki ba sam. Idan suka sa rana, ni da abokan sana'ata za mu kawo jiragen da za a yi gwajin da su, da buhunan yashi.

Wassalam.

Naka,
Wani kafintan jirgin ruwa,
Yauri, Jihar Kebbi.